Mai Ja da Gaba

A Kajaani rana kan faɗi tun ƙarfe uku,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin tagar kicin,
ni kuwa ina gaban allo, sitiyarin roba a hannu.
Karo na sha tara ke nan
'yar jar motata ta ƙi kwana ta bakwai,
ta miƙe sak, ta rungumi shingen hanya.

Na murɗa, ta ƙi. Na ƙara murɗawa, ta ƙara ƙi,
kamar mai rantsuwa a kai.
Kakana Reijo na kujerarsa ta gefen murhu,
shekara arba'in da ɗaya yana kanikanci a bakin tafki,
bara likita ya ce idonsa ya gama da titi,
ya rataye makullinsa a ƙusa, bai ce uffan ba.
Ban san yana bin wasan ba
sai da na ji dariya.

"Saimi, da me take ja?"
Na ce da gaba.
"To kin ga, taya biyu aka bar wa aikin gida duka:
su ja, su juya, su kama birki, ga inji a kansu,
na baya 'yan rakiya ne, cin arziki suka zo.
Taura biyu ba ta taunuwa,
ke kin cusa mata uku a baki ɗaya."

Na buɗe shafin gyara, lambobi reras.
Ya jawo kujera har hancinsa na gogar allo.
"Sandar hana tangaɗi, sassauta ta gaba,
ɗaure ta baya, gindin motar ya koyi 'yar rawa.
Rage iskar tayar gaba,
kaɗan fa, kamar gishiri a miya."

Na yi zari, na ɗaure sandar har ƙarshe,
na taɓa sifirin, na taɓa birki, na taɓa abin da ban sani ba.
A kwana ta uku na ɗaga ƙafa daga totur,
sai ga ni ina kallon inda na fito,
hayaƙi na tashi, itatuwa na juya.

"Rawa na ce, ban ce hauka ba.
Abu guda ake taɓawa, a zaga, a dawo.
In kin canza biyar ta lalace,
wanne za ki kama ki tambaya?"

Ya ɗauko ambulan ɗin kuɗin wuta,
da guntun fensirin da ke bayan kunnensa tun ina goye,
yana rubuta kowace lamba da manyan baƙaƙe.
Kofinsa ya huce. Mun manta da dankali a wuta.
"Shiga da haƙuri. Kar ki taka
sai hancinta ya hango mafita.
Mai ja da gaba ba ta son a yi mata ihu a tsakiya."

Zagaye na talatin da biyu,
kwana ta bakwai ta buɗe kamar ƙofar gidanmu,
daƙiƙa ɗaya da ɗigo uku suka zube daga agogo.
Na miƙa masa sitiyarin. Ya girgiza kai:
"Ni titin nan hazo nake gani."
Sai dai ya ɗora yatsu uku a gefen roban,
ya rufe ido, ya ce in ci gaba da tafiya.

Mun wuce gada, mun wuce gangara,
roban na kakkarwa a ƙarƙashin hannunmu.
"Shokozoban baya ya yi tauri," ya ce, "da ɗigo guda."
Na duba ambulan, na rage, na sake zagawa.
Ashe ya fi ni gaskiya.

Ƙaurin dankali ya iso falo,
ya tashi yana laluben bango, ya wuce ƙusar makulli bai taɓa ba.
Daga kicin ya ɗaga murya:
"Gobe ki sa mana ruwan sama.
A jiƙaƙƙen titi ake sanin halin taya."